Yadda Anka Nuna Kekunanmu a Telen Ƙasar Waje

Akwai abin da yas same mu a Hilinge wanda ko na tsuhwa ba ni mance shi. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na ga mutum ya ɗaga kamara ya nuho ni, sai abin shi dawo mini. Ba ni kama sunan kowa a labarin ga. Waɗanda sunka san abin sun san ko su wane ne, waɗanda ba su sani ba kuwa suna ba ya ƙara musu komi.

Ni dai ban daɗe a lakkwal ba, wato makarantar boko. Na shiga kwaleji, na ɗan taɓa, nig ga zaman benci ba nawa ba ne, nih hito. Babu irin abin da ban gwada ba. Na sai da ƙanƙara, na yi cajin salula a kasuwa, na bi mota har Abala ina ɗaurin kaya, daga baya nit tsaya ga kabu-kabu da babur ɗin yayana. Sai ga zamanin da anka hana hawan babur a yankinmu saboda rashin tsaro, tunda mutanen daji bisa babur suke zuwa su yi ɓarna. Mu 'yan kabu-kabu munka wayi gari babu abin yi, sai zama da hamma.

Muna da hwada, wato majalisar shan shayi, ƙarƙashin wani iccen bedi kusa da tasha. Babban hwadammu ya girme mu duka, shi ma tsohon ɗan kabu-kabu ne, mutum mai hwara'a, mai son baƙi, mai son kuma a yabe shi. Shi yah hwara jawo tsohon keken babanai daga bayan rumbu, yag goge tsatsa, yas sa mai taya. Ranar da yaz zo da shi hwada munka yi dariya har shayi yaƙ ƙone. Ba a jima ba kowa ya bi gidajen dangi shina biɗar keken da anka yar. Nawa na kawuna ne, sirdin ya mutu, nid daɗa mai tsumma nir ruhe da hwatar akuya.

Daga nan abin yaz zama kamar ciwo. Munka dinga ƙawata su, wannan ya liƙa madubi, wancan ya rataya tuntun hwata irin na raƙumi, wani ya naɗe ƙarhen duka da robar launi. Ranar kasuwar Bonkuku mu tashi da sassahe a jere, mu bi babbar hanya, mu dawo da la'asar. Wata rana mu kutsa cikin ƙauyukan Kurhwai, inda rairayi ke kama taya sai ka sauka ka tura kana zagin kanka. Kuma da yake dajinmu ƙaya ce ko'ina, ba a tahiya sai kowa na da pompin busa taya, irin dogon nan na ƙarhe. Ba mu ɗaure shi ga keke don shina hwaɗuwa in an shiga gargada. Igiya muke sa mai, kowa shi rataya nashi a baya. Wanda yaz zo babu pompi a baya, ranar shi ke wankin kohin shayi.

Ni kuwa da ɗan karatun da nis samu, nib buɗe mamu paji a intanet. Ina sa hotunanmu, ina rubuta ɗan labarin kowace tahiya da Hausa: wa yah hwaɗi, wa sarƙatai ta tsinke, wace hanya ke da rairayi, wace rijiya ke da ruwa mai daɗi, wane ƙauye anka ba mu hura. Ba wasu mutane masu yawa ke bi ba, galibi 'yan garinmu ne da ke cirani a Kwatano da Ikko da Libiya. Wani sai shi aiko, "Don Allah in kun bi ta ƙauyenmu ku ɗauko mini ƙohwar gidanmu." In na sa mai, shi kira ni shina godiya kamar na ba shi gona. Wannan pajin shi ne abu na hwarko da nit taɓa riƙewa ban saki ba.

A cikinmu akwai wanda zan kira mai rawani. Shi ba ɗan gari ba ne. Danginai makiyaya ne daga wajen Bonkuku, kuma shi ne ke kawo nono cikin gari kullum sahe, bido biyu, wato jarkoki, ɗaure a bayan keke, shi raba wa mata masu hura. Da wannan shike ciyar da uwatai da ƙannenai. In ya gama rabo shi zo hwada shi zauna da mu. Irin mutanen nan ne da namiji in ya balaga ba ya buɗe bakinai da hancinai gaban mutane, balle gaban manya. Ko shayi za shi sha, sai shi sa kohin ta ƙarƙashin rawanin. Mu yi ta tsokanarsa muna cewa akwai ranar da za shi haɗiye kohin ba mu sani ba, shi kuma shi ce mu Kurhwayawa ba mu da aiki sai kallon bakin mutane. A keke kuwa babu mai kamo shi. Mutumin da yas saba jan bido biyu cikin rairayi, in ya sauke su yah hau hanya, sai dai ka ga bayanai.

Wata rana wani yar rubuto mini ta paji. Yac ce shi mai ɗaukar hoto ne a Yamai, shina aiki da wata tele ta ƙasar waje, wato gidan talabijin, sun ga pajinmu ya burge su, suna son su yi shiri kan samarin Hilinge masu keke. Yac ce shugabatai anasara ce, wato Baturiya, ita ba ta iya zuwa saboda hanya, amma shi za shi zo.

Tun daga nan jikina bai ba ni ba. Lokacin kowa tsoron kowa shike. Baƙo in ya sauka tasha, kahin shi sha ruwa an san launin rigatai a unguwa uku. Nik kai maganar hwada, nic ce ni ban yarda ba. Mi anasara ta gani ga tsohon keke mai sirdin hwatar akuya? Ƙasassu babu kekuna ne?

Babban hwada yac ce, "Kai dai ba ka da aiki sai zargi. Ko uwarka ta ba ka hura sai ka shinshina."

Nic ce, "Babba, wanda bai san mu ba, mi za shi hwaɗa a kanmu?"

Yac ce, "To ba shi ne za shi zo shi san mu ba? Ka buɗe paji don a gan mu, yanzu an gan mu kana ɓoyo. Duniya za ta ga Hilinge, yaro."

Kowa yab bi bayan babba. Mai rawani yaɗ ɗaga kahwaɗa kawai. Ni ma a gaskiya wani ɓangare na zuciyata na son a ce pajina ya kai har ƙasar waje. Nit tura ma mutumin cewa shi zo.

Yaz zo cikin motar kasuwa da jaka baƙa. Saurayi ne mai tsabta, Hausatai gwari-gwari, rabi Zabarmanci rabi Hwaransanci, sai gaisuwar Zabarmawa, "fofo, fofo", shike yi wa kowa. Munka yi mai abin da ake yi wa baƙo. Babba yay yanka zabo, anka kawo hura mai sanyi daga nonon mai rawani, anka ɗora shayi. Ni kuwa ina gehe ina lura da shi. Abin da yah hwara damuna shi ne, duk abin da muke alhwahari da shi bai dame shi ba. Munka jera mai kekuna da madubai da tuntaye, yad duba yac ce suna da kyau, bai ko hiddo kamara ba. Munka yi mai wasan tsayuwa bisa taya guda, yay yi dariya, kamara na cikin jaka. Sai da anka zauna yah hiddo ta, yak kira anasarar a waya, tana hwaɗin tambaya shina juya mamu.

Tambayoyin kuwa duk hanya guda sunka bi. Ku nawa ba su da aiki? Kun ji haushi da anka hana babur? Akwai wanda yat taɓa zuwa yac ce zai ba ku babur in kun bi shi? Kun san wani saurayi da yat tahi daji bai dawo ba? Babu wanda yat tambaye mu yadda ake liƙin taya a tsakar daji ko nisan da muke yi a wuni. Nit taɓa babba nic ce mai a kunne, "Wanga ba keke yaz zo gani ba." Na ɗauka ɗan leƙen asiri ne, ban dai san na wa ba, ko na hukuma ko na waɗancan. Babba yah harare ni, yac ci gaba da amsa tambaya shina gyara hula.

Sai mutumin yac ce gobe da la'asar shina son mu hau dutsen da ke bayan gari, mu bi samansa a jere, shi kuma shi tsaya ƙasa shi ɗauka. Yac ce hasken yamma ya hi kyau.

Abin da yab biyo baya ba shi yas sa mu ba, mu munka yi abinmu. A wajenmu in za a hita gaban baƙo, ba a hita da kayan aiki. Babba yac ce tunda duniya za ta gan mu, sai mu yi shigar Salla. Kowa yat tahi gida yar roƙi rawanin babanai ko na kawunai. Mu da ba mu iya naɗi ba, mai rawani yab bi mu ɗaya-ɗaya shina naɗa mamu irin nasu, har bisa hanci, shina dariya shina cewa yau dai Kurhwayawa sun zama mutane. Kuma al'adammu ce in ana tahiyar nuna kai, wanda yah hi kowa iya keke shi ke jan gaba. Girmamawa ce. Babu wanda yay yi gardama, munka sa shi gaba. Pompi kuwa kowa da nashi a baya, don ko ba a hwaɗa ba, saman dutsen nan ƙaya ce.

Mutumin Yamai da yag gan mu, sai yac ce madalla. Abu biyu kawai yar roƙa. Yac ce a kwance bido daga keken mai rawani don suna ɓata hoto, kuma kar mu yi dariya ko ɗaga hannu. Nic ce mai don mi ba za mu yi dariya ba, ai mu ba zaman makoki muke ba. Yac ce haka shugabatai ke so, ya hi nauyi. Munka hau, munka bi saman dutsen, rana na bayanmu ja wur. Yas sa munka maimaita har ƙahwahunmu sunka gaji. Daga ƙarshe yam matso kusa da mai rawani, yaɗ ɗauki idanunai kawai, ya daɗe shina ɗauka. Washegari yat tahi, yac ce za shi turo mamu in ya hito.

Bai turo ba. Wani ɗan unguwammu da ke Kwatano ne yat turo mini bidiyon shirin bayan an kwana biyu, yar rubuta a ƙasa, "Kai, mi kunka shiga?"

Ina hwada nib buɗe shi, kowa ya leƙo ta kahwaɗata. Hwaransancina ba shi da yawa, amma ya isa in gane. Muryar anasarar ce. Ta hwara da cewa wannan yanki ne da mutuwa ke yawo, samari babu aiki, babu lakkwal, an karɓe musu babur, kuma masu bindiga na jiransu. Tana cikin hwaɗin haka sai ga mu. Wallahi ni kaina ban gane mu ba. Rana a baya ta mai da mu baƙaƙe ƙirin, babu madubi, babu launi, babu tuntu. Jerin mutane ne masu ruhe da huska, kowa da dogon abu rataye a baya, suna bin saman dutse a hankali. Daga nan anka yanke zuwa wani ƙauye da anka ƙona, wanda ban san ko ina ne ba, anka nuna mata na kuka. Sai anka dawo ga idanun mai rawani, sun cika allon duka.

Ba su bar pajina ba. Sunka nuna shi, ana jan rubutuna sama, tana cewa samarin suna haɗa kansu ta intanet, suna sanar da juna hanyoyin daji da wuraren ruwa. Abin da nir rubuta don ɗan cirani shi tuna rijiyar garinsu, shi ne yaz zama haka. Amsar babba kuwa, duk surutun da yay yi, abu guda anka ɗauka, inda yac ce, "E, mun ji haushi."

Matar nan ba ta ce mu mutanen daji ne ba. Ko sau ɗaya ba ta ce ba. Tambaya ta yi a ƙarshe, wai waɗannan samarin gobe ina za su nuhwa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Da ta yi ƙarya ƙiri-ƙiri, da mun san abin da za mu ƙaryata.

Bidiyon yaƙ ƙare. Babba yac ce, "To ai... ai ba ta zage mu ba." Nim mai da salula aljihu.

Da abin ya tsaya a telen waje, da da sauƙi, don mutum nawa ke kallonta a Hilinge? Amma wani, har yau ban san ko wane ne ba, yay yanko wurin dutsen kaɗai, yac cire muryar matar, yas sa tashi da Hausa shina cewa jama'a a yi hattara, tunda an hana babur yanzu bisa keke suke zuwa. Wannan shi ne yab bi wayoyi. Har uwata, da ba ta iya buɗe salula ba, maƙwabciya ta nuna mata.

Gari yac canza mamu huska. Ƙauyen da muke tsayawa shan ruwa, munka je anka ce guga ta hwaɗa rijiya, alhali muna ganinta rataye. In munka ratsa kasuwa hira ta tsaya sai mun wuce. A hwada ma munka hwara kallon juna. Wa yay yanka bidiyon? Wa yas sa murya? Wani yac ce muryar ta yi kama da ta wani ɗan wata hwada da muke gasa da su, wani yac ce a'a, a cikinmu ne. Akwai wanda yad dube ni yac ce ai ta pajina baƙon yaz zo, wa yas san abin da munka ƙulla. Ni ma ina zargin kowa. Shayi ma sai ya huce ba a sha ba.

Amma mu 'yan gari ne. Ko an yi gunaguni, an san wane ɗan wane ne, an san gonar kakanai. Wanda abin yah hwaɗa wa shi ne mai rawani. Shi ne a gaba, idanunai ne sunka cika allo, kuma shi ne ke hitowa daga daji kullum sahe shi koma da rana. Mata sunka hwara cewa yau ba su dama hura ba. Wata tac ce mijinta ya hana. Na gan shi da idona ya dawo hwada da bido cike, nono ya yi tsami a rana, yaz zuba ma karnukan tasha. Nic ce mai abin zai wuce. Yac ce, "Kai kana da gida a garin ga. Ni hanya gare ni, kuma hanyar ce suke tsoro."

Nik kira mutumin Yamai. Ya ɗauka, ban hana mai wannan ba. Yac ce shi hoto kawai yat tura, can ƙasar waje anka haɗa, shi ma bai ga shirin ba sai da yah hito. Nic ce to wa yac ce a kwance bido? Wa yac ce kar mu yi dariya? Yac ce in yi haƙuri, shi ma ɗan aike ne. Nic ce shi ba ni matar. Bayan kwanaki tat turo saƙo mai laushi, wai ta yi baƙin ciki, amma niyyatta duniya ta san halin da samarin yankinmu ke ciki don a taimake mu. Ban san ko gaskiya take hwaɗi ba. Har yau ban sani ba, kuma ban ga taimakon ba.

Sai mai unguwa yas sa anka kira mu. Da hantsi ne, ƙohwar gidanai, an shimhiɗa tabarmi, dattawa sun cika, mata na leƙe ta bisa darni. Yac ce magana ta yi yawa, kuma shi ya hi son a gama ta nan cikin unguwa kahin ta kai inda ba ya da iko. Anka kunna bidiyon, salula na yawo hannu zuwa hannu. Babba yat tashi yay yi bayani, yak kawo pompi yan nuna, har yab busa taya a gabansu. Wasu sunka yi dariya. Nij ji sanyi a raina, na ɗauka an gama.

Daga nan mai unguwa yab bi mu ɗaya-ɗaya. Wannan ɗan wa ne? Uban shi ce nawa ne. Wannan hwa? Kawu shi ce ɗan ƙanwata ne, rawanin ma nawa ne yar ara. Ni yayana yat tsaya mini, yac ce ba ni jin magana amma ba ni da mugunta. Har anka zo ga mai rawani, shina tsugune a ƙarshen tabarma. Mai unguwa yac ce, "Wannan hwa, wa ke gare shi?" Babu uba ko kawu da yat tashi. Babba yac ce, "Ranka shi daɗe, namu ne, tare muke." Wani dattijo mai carbi yac ce, "Kai ma yanzu anka tsaya maka, ba ka isa ka tsaya ma wani ba." Sannan yaj juya ga jama'a yac ce, "Yaron ga shekara nawa shina shiga gidajenmu? Akwai wanda yat taɓa ganin huskatai a cikinku? In gobe anka ce a nuna shi, wa zai iya? Shi buɗe mu gani."

Nit tashi nic ce, "Baba, ku kun san al'adassu, ba yau kunka hwara zama da su ba." Yayana yaj ja ni ƙasa da ƙarhi, yac ce in ruhe bakina.

Dattijon nan ya san abin da shike tambaya. Duk wanda ke wurin ya sani. A wajensu mai rawani, ka ce namiji shi buɗe baki gaban manya da mata, kamar ka ce shi tuɓe wando ne a kasuwa. Mai unguwa bai ce shi buɗe ba, bai kuma ce kar shi buɗe ba. Yad dubi ƙasa shina wasa da tabarma.

Mai rawani yam miƙe tsaye, yas sa hannu bayan kai, yah hwara warwarewa. A hankali shike yi, shina naɗe ƙyallen a hannu don kar shi taɓa ƙasa. Ban taɓa sanin rawani na da tsawo haka ba. Da yak kai ƙarshe yas sauke hannu, yat tsaya. Yaro ne ƙarami, ashe ma na girme shi. Ko gemu bai gama hitowa ba, zuhwa na bin wuyanai. Bai dubi kowa ba, yas sa ido ga bangon gidan.

Abin mamaki, waɗanda sunka ce shi buɗe babu wanda yak kalle shi sosai. Dattijon nan yam mai da ido ga carbinai. Wata tsohuwa mai hura daga bayan darni tac ce da ƙarhi, "Kai jama'a, ku ji tsoron Allah, ɗan nonon nan ne hwa! Ruhe, ɗana, ruhe." Mai unguwa yay yi gyaran murya yac ce an gani, babu komi, kowa shi tahi, kuma daga yau a ci gaba da sayen nono.

Yan naɗa rawaninai a tsaye, bai yi sauri ba. Yay yi ma mai unguwa sallama yadda ya kamata, yaj ja kekenai. Nib bi shi ina kira, nic ce shi zo hwada mu sha shayi. Yac ce rana ta yi, shanu na jira.

Washegari mata sunka hito da ƙorai suna jiran nono, har waɗanda mazansu sunka hana. Bai zo ba. Bai sake zuwa ba.

Na ishe shi bayan wata da watanni a kasuwar Bonkuku, shina sai da nono a can, inda masu nono sunka hi masu saye yawa. Ya rame. Munka gaisa, yat tambayi kowa da kowa, har yat tambaya ko sirdina na nan. Nic ce mai mata na ta tambayarsa, an wanke shi, kowa ya san gaskiya yanzu, shi dawo. Yac ce, "Na sani. Ba ni hushi da kai, ba ni hushi da babba. Amma duk wanda zan gaisa da shi a garin nan ya gan ni a buɗe. Yaya zan miƙa mai nono?" Yac cika mini ƙwarya yac ce in sha kahin in hau hanya.

Na rubuta duk yadda abin yah hwaru a paji, na sa hotunanmu na gaskiya, da bido da dariya da komi. 'Yan cirani sunka karanta, sunka yi ta Allah wadai. Wancan bidiyon kuwa har yanzu shina yawo. Bara ma wani ya turo mini shi daga wata ƙasa, an canza sunan garin, an ce wani wuri ne.

Abin da nik koya shi ne, zargina na nan daidai amma ban san inda zan aje shi ba. Ina ta tsoron kar baƙon shi zama ɗan leƙen asiri, alhali shi ya zo da labarinai a rubuce cikin kai tun daga can, mutanen da za shi sa a ciki kawai shike biɗa, mu kuwa munka yi kwalliya munka shiga. Yanzu in wani ya zo da kamara, ba na tambayar mi za shi ɗauka. Ina tambayar mi za a sa kahin hotonmu, mi za a sa bayansa, kuma wa zai yi magana a kai. In bai da amsa, shayi zai sha shi tahi. Sannan kahin mu tsaya gaban kowa, sai na dubi jeren namu na ga wa ke cikinmu da ba shi da uba ko kawu a gari. In abin ya juya, mu za a yi mamu hwaɗa mu koma gida. Shi ne za a ce shi tashi tsaye.